Tsirkiya Uku a Ƙofar Thakur

"Ba za a bayar ba," in ji Sugra. "Ka koma ka faɗa masa haka."

Bhoma Ram, wakilin gidan Thakur, mai filayen garin, ya janyo mayafin kafaɗarsa ya share wuya. Ya dubi yarinyar, ya dubi mahaifinta Jumme Khan da ke kwance bisa gadon igiya a inuwar bango, ɓarin jikinsa na dama a mace tun sanyin bara. Sannan ya ɗaga ido ga abin da aka aiko shi ɗauka: kamaica, babban gogen gidan, tana rataye a ƙusa cikin rigarta ta jan yadi.

"Ke 'yar boko, da ubanki nake magana."

"Bakin ubana ya karkace. Ni ce bakinsa."

"To wannan baki ya yi tsawo, yana neman almakashi."

Bua Sarifa, yayar Jumme, ta fito da gudu daga madafa, da kofin shayi a hannunta. "Zauna mana, Bhoma-ji, zauna. Kada ka biye mata, littafi ne ya hau mata kai. Ke Sugra, rufe kanki!"

Bhoma ya karɓi shayin amma bai zauna ba. Ya sake jero saƙon a hankali, kamar mai yi wa kurma bayani. Banna Indar Singh, wanda ya gaji gidan tun rasuwar tsohon Thakur, ya ce Jumme ya gama kiɗa, kuma ba shi da ɗa namiji. Iccen mangwaron da aka sassaƙa kamaicar da shi kakan Banna ne ya bayar. Saboda haka ta koma inda ta fito. Za a sa ta a akwatin gilashi cikin babban zauren da baƙi 'yan yawon buɗe ido ke cin abinci, kafin bikin ƙanwarsa Kiran.

"Har fitila za a sa mata a sama," in ji Bhoma. "A rubuta sunan Jumme a ƙasa. Turawa su yi ta ɗaukar hoto. Wace daraja kuke nema kuma?"

"Kusa da kan barewar da kakansa ya harbe, ko?" in ji Sugra. "To wa zai kaɗa a bikin?"

"An yo hayar na'ura daga Barmer. Lasifika kowace kamar ɗakin nan naku."

"Na'urar ta san sunan kakannin amarya?"

"Na'ura ba ta cin gero," in ji Bhoma. Ya kurɓe shayin, ya kife kofin a kan katanga. "Ku yi tunani. Shekarar nan ba ta fitsara ba ce."

Gaskiya ya faɗa. Damina ta zo Dholasar ta wuce ba ta jiƙa ko wuyan raƙumi ba. Geron da aka shuka ya tsiro tsawon yatsa ya ƙone. Tafkin gari ya tsattsage, ɗawisu sun koma bin mata zuwa wajen wanke-wanke. Ruwan daɗi guda ya rage, na burtsatsen gidan Thakur.

Kuma da gidan Thakur suke rayuwa, su da kakanninsu. Manganiyar makaɗa ne na gado, Musulmi, kowane gida da ubangidansa cikin Rajput, ƙabilar masu sarauta. In an yi haihuwa a babban gida, dangin Jumme ne ke zama a ƙofa su yi wa jariri maraba. In aure ne su ke gaban ango. In mutuwa ce su ke zaman makoki. Su ke riƙe da sunayen kakanni a ka. Ubangida kuma nasa ne ya cika musu buhu in an yi girbi, ya buɗe rumbu in an yi fari, ya ba su filin da za su kafa ɗaki. Tsohon Thakur har ya ƙara da abin da ba a saba ba: ya sa Sugra makaranta tare da 'yarsa Kiran, benci ɗaya suka zauna har suka gama sakandare. Yanzu ma Sugra ta sami gurbi a kwalejin horon malamai ta Barmer, ana jiran babban gida ya cika alkawarin mamaci.

Abin da Bhoma bai ambata ba, ko da yake babu wanda bai sani ba a unguwar, shi ne farcen Sugra. Kamaica ba a danna tsirkiyarta da tsokar yatsa. Da bayan farce ake dafa ta daga gefe, har farcen ya yi kwari. Mata na waƙa, mata na buga ganga a cikin gida, amma mace ba ta ɗora kamaica a cinya. Jumme ya binne 'ya'ya maza biyu tun suna goye. Da ya ga babu wani mai zuwa, sai ya rufe ƙofa, ya zaunar da 'yarsa, ya ɗora mata wannan ƙaton ciki na icce da fatar akuya a cinya lokacin da ko bakan tsagiya ba ta iya riƙewa da hannu ɗaya. A makaranta lalle take ƙunsawa ta rufe kwarin farcenta.

Da Bhoma ya tafi Bua ta zauna daɓas a ƙasa. "Kin kashe mu."

"Bapu," in ji Sugra, ta durƙusa gaban gadon. "In ka ce a bayar, yanzu zan kai da kaina."

Jumme ya dube ta da idon da ke buɗewa sosai. Ya girgiza kai.

Ba a yi faɗa ba, ba a yi zagi ba. Abubuwa ne kawai suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ranar rabon hatsi Bua ta je ƙofar rumbu da buhu, ta tsaya har aka sallami wanzami, aka sallami maƙeri, aka ja ƙofa. Ta dawo da buhun a naɗe a hammata. Bayan wannan aka ce awakinsu kada su ƙara shiga makiyayar Thakur, inda ganyen itatuwa ya rage. Sai ranar da Sugra ta je famfo da tulu biyu ta tarar da mai gadi zaune a kan dakali.

"Ban da gidanku," in ji shi, bai ko iya kallonta ba. "Ni ma ɗan aike ne, 'yar'uwa."

Matan da ke layi suka ja mayafi suka rufe fuska. Wata daga baya ta ce, "A jiƙa gogen mana a sha." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Akwai tsohuwar rijiya bayan tuddan rairayi, wajen hanyar makiyaya, ruwanta da gishiri-gishiri. Can Sugra ta koma. Takan fita rana ba ta fito ba, ta dawo rairayi na ƙona tafin ƙafa ta cikin silifa, tulu kan tulu, wuyanta kamar zai karye. Ruwan ba ya dafa wake, ba ya kashe ƙishi. In ta ɗura wa Bapu sai ya yamutsa fuska ya haɗiye don kada ta ji ciwo. Leɓɓansa suka farfashe. Akuya ta fari ta kwanta ba ta tashi ba. Sauran aka sayar wa mahauci da abin da ya ga dama. Gurasar gero ta koma sau ɗaya a yini, da albasa da barkono, daga baya albasar ma ta ɗauke. Aka buɗe kwaleji a Barmer, aka fara karatu, Sugra na bakin rijiya tana jan guga.

Wata rana da azahar wayarta ta yi ƙara. Kiran ce.

"Sugri, ke dai har yanzu kanki kamar dutsen niƙa. Ki ba shi mana! Katako ne fa da fatar akuya."

"Ke ma zoben hancin kakarki ƙarfe ne. Ki ba ni in sa a gilashi."

"Kai, bakinki! Ni fa ina ɗaki, ba a ko bari in leƙa waje. Na yi wa Yaya magana ya ce in ji da lallena. Ya riga ya faɗa wa dangin ango akwai ta a zaure, kin san shi da cika baki. Ki bayar, wallahi bayan biki ni zan sa a dawo da ruwa, a kai ki kwaleji."

"In ta shiga gilashi ba ta fitowa, Kiran. Kin taɓa ganin barewar nan ta sauko ta sha ruwa?"

Kiran ta ce a hankali, "Na so a ce ke za ki kaɗa mini. Ko a bayan ƙofa ne."

"Ki faɗa wa yayanki."

"Na faɗa."

Makaɗi ba ya kai ubangidansa ƙara wajen 'yan sanda. Yana da hanyarsa, tsohuwa, wadda ake jin labarinta a bakin kakanni amma ba wanda ya taɓa ganin an bi ta har ƙarshe a Dholasar. In ubangida ya ci amana, makaɗi ya binne rawaninsa a ƙofar gidan: gargaɗi ke nan. In ba a gyara ba, ya kwance tsirkiyar abin kiɗansa ya binne. Wannan saki ne, babu komawa. Gidan da makaɗinsa ya sake shi kuwa, mutanen kirki ba sa ba shi 'ya, ba sa karɓar tasa.

Ranar da Bua ta kankare ƙasan tukunyar gari ta sami abin da bai cika tafi ba, Jumme ya ɗaga hannun hagu ya nuna rawaninsa mai ruwan ƙwai, wanda tsohon Thakur ya naɗa masa da hannunsa ranar da aka haifi Indar.

"A'a," in ji Bua. "Jumme, a'a. Ka ji tsoron Allah."

Ya ci gaba da nunawa har hannun ya fara karkarwa.

Sugra ta kai rawanin ƙofar babban gida da sassafe, masu shara na kallo. Ta haƙa rami da fartanya, ta sa shi, ta mayar da ƙasa, ta dawo. A ranta tana cewa yanzu tsohuwar Thakurani, uwar Indar, za ta ji, za ta kira ɗanta ta ja masa kunne. Ta ma share tsakar gida ko za a aiko.

An aiko da la'asar. Wani bunsuru aka koro cikin lungunsu, an naɗa masa rawanin a ƙaho, jelar yadin na jan ƙasa, yara na binsa da ihu, suna kiransa da laƙabin gwanin kiɗa: "A gaida Ustaz! Ustaz, a ɗan taɓa mana!" Bunsurun ya tsaya daidai ƙofarsu ya yi fitsari. Jumme yana kwance yana fuskantar ƙofar. Hawaye ya gangaro daga ido ɗaya ya shige kunnensa. Sugra ta kama dabbar, ta warware rawanin, ta kakkaɓe.

Washegari dattawan Manganiyar na ƙauyukan kewaye suka zo, su ne masu yi wa baƙin Indar waƙa da yamma a gefen wuta. Suka zauna a tabarma, babu shayin da za a ba su. Babbansu, Lale Khan, ya yi gyaran murya.

"'Yata, abin da kika yi ba a yi. Rawanin da mace ta binne ba a binne shi ba, shi ya sa suka yi wasa da shi. Kin jawo wa ubanki wulaƙanci, kina neman jawo mana. Mu ma da bakunan da muke ciyarwa."

"Kun ga abin da aka yi wa ɗan'uwanku, Dada, ko ba ku gani ba?"

"Mun gani. Wa ya fara?"

"Wanda ya ce a ba shi kamaica."

"Wa zai kaɗa ta? Ke?" Wani daga gefe ya yi dariya. "In mace ta kaɗa kamaica, mu kuma sai mu ɗaura zane mu shiga madafa."

"Da kun iya gurasa ma da an gode," in ji Sugra.

"Sugra!" in ji Bua.

Lale Khan ya miƙe, ya gyara rawani. "Gobe dangin ango za su iso daga Jodhpur su ga gida, a tsayar da rana. Banna na son ta a zaure kafin azahar. Mun ba shi baki. Bhoma zai zo da maza. Kada ki sa a taɓa jikinki."

Da suka fita gidan ya yi tsit. Bua, babbar mace, ta kama ƙafar Sugra tana kuka. "Na roƙe ki. Na gaji da yunwa. Dubi ƙanena, ya zama ƙashi. Ki bar su su ɗauka, mu sha ruwa."

Sugra ta duba ko'ina a ranta, babu ƙofa. In ta ɓoye kamaicar za su rushe ɗakin. In ta gudu da ita, wa zai ɗauki Bapu? Ta sauko da kamaicar, ta zare rigar, ta ɗora wa mahaifinta a ƙirji don ya yi sallama da ita.

Jumme ya shafa fatar. Ya bi siraran wayoyin ƙarfe da ke amsa amo daga ƙasa, ya wuce su. Ya tsaya kan manyan tsirkiya uku na hanjin akuya. Shi ya wanke hanjin, ya murza, ya shanya a inuwa a sanyinsa na ƙarshe da hannu biyu. Duk yankin babu sauran mai murza irinta. Sauran makaɗa sun koma zaren roba. Ya taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya sauke hannun ya nuna ƙasa.

"Ka haukace?" in ji Bua. "In an binne tsirkiya ba mu da kowa! Filin nan nasu ne. Ko kabari ba za mu samu kusa da matarka ba."

Bakin Jumme ya motsa, ya yi ta kokawa da harshe, jijiyar wuyansa ta miƙe. Kalma ɗaya ta fito a karkace, yana kallon 'yarsa.

"Kaɗa."

Washegari da hantsi Sugra ta aro amalanken mai kayan miya. Ba ta iya ɗaga mahaifinta ita kaɗai ba. Ta gwada, ta sake gwadawa. Bua na tsaye a ƙofar madafa tana kallo, can ta yi tsaki ta share ido da gefen mayafi.

"Kama kafaɗun, sakarya. Za ki karya shi. Ni na goya shi, na san inda ake riƙewa."

Suka naɗa masa rawanin nan mai ruwan ƙwai, suka tura shi ta tsakiyar gari, kamaica a kan cinyarsa. Mutane suka fito ƙofa-ƙofa, wasu suka biyo baya.

An yi wa ƙofar babban gida ado da furanni. Motocin Jodhpur na jere a inuwa. A barandar waje an shimfiɗa fararen katifu, dangin ango na zaune da manyan rawuna, ana zagayawa da shayi. Sugra ta tsayar da amalanken daidai inda ta haƙa rami ranar nan. Ta zauna a ƙasa ta tanƙwashe ƙafa, ta mayar da mayafi baya, ta ɗora kamaica a cinya. Wata mata a cikin taron ta ce, "Wayyo, kunya ta mutu."

Ta ja baka.

Muryar kamaica ba ta da kaifi. Daga ƙasa take tasowa, mai kauri, kamar nishin raƙumi daga nesa, sannan wayoyin ƙarfe su amsa mata har iska ta riƙa rawa. Sugra ta ɗauko kiɗan da ake yi a wannan ƙofa duk ranar da aka haifi ɗa a gidan, wanda aka yi wa Indar, aka yi wa Kiran. Yunwa ta sa hannunta nauyi, a farko ma bakan ya zame ya yi ƙara mara daɗi, wani ya yi dariya. Ta cije leɓe ta sake kamawa. Farcenta ya faɗa kwarinsa. Surutun baranda ya ragu, ya ɗauke. Mai zuba shayi ya tsaya da buta a karkace. A sama, bayan tagar dutse mai huda-huda inda matan gida ke leƙe, wata tsohuwar murya ta fashe da kuka.

Indar Singh ya fito, dogo, da farar riga da waya a hannu, Bhoma na binsa.

"Me ke nan? Wa ya bar su nan?" Ya juya ga baƙinsa yana murmushin dole. "Makaɗanmu ne, sun kawo abin da na gaya muku." Ya matso ya rage murya. "Kin kyauta da kika kawo da kanki. Tashi, ba wa Bhoma, ki bi ta baya a ba ki hatsi."

Sugra ta kai kiɗan ƙarshensa, ba ta yanke ba. Ta ajiye baka. Ta kama maɗaurin tsirkiya ta fari ta murɗa, amon ya sulale ya mutu. Ta zare ta. Ta zare ta biyu. Ta zare ta uku. Ta naɗe su a hannu kamar zobe, ta tona ƙasar da ke da laushi tun ranar rawani, ta sa su.

"Ke!" in ji Lale Khan daga cikin taro. "Na mace ba ya ɗauruwa!"

Bua ta ɗebo ƙasa ta zuba a tafin hagun ƙanenta, ta karkato amalanken. Jumme Khan ya miƙa hannu bisa ramin, ya buɗe yatsu. Ƙasar ta zuba kan tsirkiya. Kowa ya gani.

A baranda wani tsoho mai farin gashin baki, baffan ango, ya ajiye kofinsa a hankali.

"Indar Singh, wannan makaɗin gidanku ne na gado?"

"Ranka ya daɗe, tsoho ne mara lafiya, yarinyar ce ke…"

"Tambaya na yi."

"Shi ne."

Tsohon ya dubi ramin, ya dubi rawanin da ke kan Jumme. Ya ce wa na kusa da shi, "Miƙo mini takalmina."

Fuskar Indar ta yi ja har kunne. "Bhoma! Karɓo mini abin nan!"

Sugra ta miƙe. Jiri ya ɗebe ta, ta dafa amalanke, sannan ta ɗaga kamaicar da hannu biyu ta miƙa masa da kanta, wuyanta tsirara, maɗauran na lilo.

"Ga ta, Hukum, ranka ya daɗe. Ɗauka. A sa mata fitila. Duk baƙon da ya shigo zaure ya tambaye ka ina tsirkiyarta, sai ka nuna masa ƙofar gidanka."

Bhoma ya miƙo hannu, ya dubi ubangidansa, ya mayar da hannun. Indar ya tsaya yana huci. Bayansa injin mota ta fari ya tashi. Bai karɓa ba.

"Kafin Juma'a," in ji shi, "kada in ga ko tsumman gidanku a ƙasata."

Ba su kai Juma'ar ba. Wata motar ɗaukar duwatsu ta kwashe su da gadon igiya da tukwane zuwa gefen Barmer, inda ake shimfiɗa sabon titi. Ba wanda ya rako su; dattawa sun ce duk Manganiyar ɗin da ya ba gidan Jumme ruwa ya fita daga cikinsu. Suka kafa rumfar leda cikin ma'aikata baƙi. Sugra ta karɓi guduma tana fasa dutse, Bua na ɗaukar tsakuwa a kwano. Daga inda suke aiki ana hango ginin kwalejin malamai, da 'yan mata masu shuɗin kaya suna shiga da safe. Guduma ta farfasa mata farce, kwarin ya tsage har tsoka.

Da ta sami abin saye ta nemo zaren roba ta ɗaura wa kamaica, ta ja baka a gaban Bapu. Amon ya fito siriri, kamar kukan sauro a gwangwani. Jumme ya juya fuska ga ledar rumfa. Ta kwance zaren ba ta sake ba. Ta roƙi mahauci hanjin akuya ta gwada murzawa yadda take tunawa, Bapu na nuni da ido. Na fari ya ruɓe, na biyu ya tsinke tun kafin ya ɗauki amo. Kafin ta gane inda take kuskure, zafin bazara ya tafi da Bapu. Aka binne shi a maƙabartar bakin gari cikin mutanen da bai sani ba.

Daga Dholasar labari ya zo cewa mutanen Jodhpur sun fasa auren. Kiran na nan a ɗaki. Sugra ta kira ta, ta sake kira. Wayar na shiga, ba a ɗauka.

Kamaica na rataye a sandar rumfa cikin jan yadinta, ba ta shiga gilashin kowa ba. Sugra ta riƙe ta. Abin da ta biya shi ne gidan da aka haife ta, da karatunta, da danginta, da auren ƙawarta, da kabarin uba kusa da uwa. Tsirkiya ukun da suka san hannun Bapu kuwa suna ƙarƙashin ƙasa a ƙofar Thakur, kuma tun ranar nan kamaicar ba ta sake yin muryarta ba.